Gawa ta 95 a Shrewsbury

A watan Agusta na shekarar 1138 Sarki Stephen na Ingila ya ci garin Shrewsbury da yaƙi. Mayaƙan da ke tsare da sansanin garin sun yi mubaya'a ne ga abokiyar hamayyarsa, Maud, 'yar marigayi Sarki Henry na ɗaya, suka kuma ƙi miƙa wuya har sai da aka afka musu da ƙarfi. An san Stephen da sanyin hali, amma a wannan karo ransa ya ɓaci, ya ce a rataye su. Wani malamin tarihi na wancan zamani, Orderic Vitalis, wanda aka haifa a ƙauyen Atcham da ke kusa da garin, ya rubuta cewa an kashe ɗaya daga cikin jagororinsu, Arnulf na Hesdin, tare da wasu mutum 93. Jimla 94 ke nan. Tarihi bai ajiye sunayen sauran ba, bai kuma faɗi wanda ya ƙirga gawawwakin ba.

Bayan shekara fiye da 800 wata mata 'yar wannan lardi, Edith Pargeter, mai rubutu da sunan Ellis Peters, ta ɗauki wannan adadi ta ƙara masa ɗaya. A littafinta One Corpse Too Many, wanda ya fito a 1979, shugaban gidan ruhubanawan garin ya aiki wani tsohon rahibi mai suna Cadfael ya je ya kintsa gawawwakin a binne su kamar mutane. Cadfael ya jera su, ya ƙirga, ya samu 95. Ya sake ƙirgawa, 95 ɗin ne dai. Jami'in sarki ya ce ai ba abin damuwa ba ne, a rana irin wannan wa zai tsaya lissafin ɗaya ko biyu? Tsoho ya ƙi sakin maganar. Ya bi su ɗai-ɗai yana duba wuya. Igiyar rataya kauri gare ta, shatarta kuma sama take yi ta bayan kunne. Saurayi guda ne nasa wuyan ya bambanta: siririn zare ne ya yanke shi, an shaƙe shi ta baya, ga ɓurɓushin busasshiyar ciyawa a cikin raunin, alamar ba a kan ganuwa ya mutu ba. Wani ne ya kashe nasa mutumin a wani wuri, ya kawo ya jefa cikin na sarki, da tunanin ba mai tambayar gawa a cikin tulin gawawwaki.

Duk gwanintar rubuta labarin binciken kisa na tarihi tana cikin wannan ƙirga. Marubuciyar ba ta taɓa komai daga abin da tarihi ya tabbatar ba. Sarki ya ci gari, an rataye 94, haka abin yake a littafinta. Ta nemi inda labarin magabata ya yi shiru ne, ta ajiye tata gawar a wurin. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma aikin marubucin irin wannan labari shi ne ya san bangon sosai har ya gane inda tsagar take. Ta kuma ba Sarki Stephen dalilin da ya dace da sarkin ƙarni na 12 na yarda a yi bincike: bai damu da saurayin ba, abin da ya ƙona masa rai shi ne wani ya raɓe a bayan hukuncinsa ya yi nasa kisan. Da aka gano wanda ake zargi, ta hanyar wani dutse mai daraja da ya ɓalle daga ƙotar wuƙa, ba a kai shi gaban alƙali ba. An fitar da shi fili ne shi da mai tuhumarsa, suka yi fito-na-fito da takobi a gaban sarki, domin a lokacin an ɗauka Allah ba zai bar mai gaskiya ya faɗi ba.

Edith Pargeter ba yarinya ba ce sa'ad da ta fara jerin littattafan Cadfael. An haife ta a 1913 a ƙauyen Horsehay, ta rasu a 1995 a Madeley, duka a lardin Shropshire, tazarar da ba ta taka kara ta karya ba. Ta yi shekaru tana aiki a kemis a garin Dawley kafin Yaƙin Duniya na Biyu, a can ta saba da awon magani da sanin inda magani ke komawa guba. Lokacin yaƙi ta yi aiki da rundunar sojan ruwa ta mata a Liverpool. Daga baya ta koyi harshen mutanen Cek da kanta, ta fassara littattafansu zuwa Turanci. Ta rubuta littattafan tarihi masu nauyi da sunanta na ainihi, ta rubuta na binciken kisa na zamani da sunan aro, har ɗaya ya ci kyautar Edgar ta Amurka a 1963. Sai da ta haura shekara 60 ta haɗa hannayen biyu wuri ɗaya. Littafin Cadfael na farko ya fito a 1977, shekara uku kafin na Umberto Eco ɗan Italiya, wanda mutane da yawa ke zaton shi ya fara sa rahibi bin sawun mai kisa. Jimla ta yi guda 20, da wani ƙaramin kundi mai gajerun labarai uku.

Abu na farko da ke gaban duk mai son rubuta irin wannan shi ne ya ƙera mai bincikensa, kuma a nan ake gane gwani. Mutumin ba ɗan sanda ba ne, ba a biyansa, ba wanda ya ɗora masa. To me zai kai shi wurin gawa sau 20 ba tare da mai karatu ya ce an raina masa hankali ba? Agatha Christie ta warware tata matsalar a 1927 da Miss Marple, tsohuwar da ke zaune a ƙauye tana saƙa, wadda ta san halin ɗan Adam saboda ta daɗe tana kallon maƙwabta. Ta Ellis Peters ta fi wuya, domin rahibi mutum ne da aka killace, akwai dokar shiru a kansa, ba ya fita sai da izini, kuma da yawansu tun suna yara iyaye ke miƙa su, ba su san mace ba, ba su san kasuwa ba. Sai ta ba Cadfael shekara 40 a duniya kafin ya shiga gidan ibada. Ya yi soja, yana cikin rundunar Turawa da ta kai yaƙi Sham da Ƙudus a ƙarshen ƙarni na 11, ya yi aikin jirgin ruwa, ya zauna a Antakiya, ya so wata bazawara mai suna Mariam, har ta haifa masa ɗa bai sani ba sai da ya tsufa. Saboda haka in ya ga rauni ya san na kibiya ne ko na wuƙa, in ya ga yarinya sanye da kayan maza ba a ruɗe shi, in saurayi ya yi masa ƙarya yakan gane ta soyayya ce ko ta laifi.

Ta kuma mai da shi mai maganin gidan. Yana da lambun ganyaye da 'yar bukka a ƙarshen lambun inda yake dafa tsimi, yake shanya saiwoyi, yake haɗa ruwan barci daga furen ofiyom da ya koyi amfani da shi a wurin likitocin Gabas. Wannan sana'a ita ce takardar izininsa. Ana kiransa cikin gari wurin mara lafiya, yana kai magani asibitin kutare na Saint Giles da ke bakin hanya, shi ake nema in an tsamo gawa. Bukkar kuwa ta zama wurin da mutum zai zauna a kan benci, a ba shi abin sha mai ɗumi, ya faɗi abin da ba zai faɗa wa hukuma ba. Sannan ta sa shi ɗan ƙasar Wales, yana zaune a garin Ingila da ke dab da iyaka. Yana jin harsunan biyu, ya san dokokin ɓangarorin biyu, ba ya kuma cikakken mallakin kowane. Ƙarshe ta ba shi aboki, Hugh Beringar, mataimakin wakilin sarki a lardin wanda daga baya ya gaji kujerar, domin mai binciken sa-kai yana iya gano gaskiya, amma ba shi da ikon kama kowa.

Dubi kuma abin da aka hana shi. Ba a kafa 'yan sandan Landan ba sai 1829. Ofishin jami'in da ke binciken musabbabin mutuwa bai samu a Ingila ba sai 1194, kusan shekara 50 bayan labarin Cadfael na ƙarshe. Sashen duba zanen yatsa na Scotland Yard kuwa na 1901 ne. Abin da ya rage masa shi ne ido, da hanci, da yatsu, da sanin tsiro. A wannan ƙuncin marubuciyar ta fi nuna hannunta. A littafin farko an tarar da wani mai gandu kwance rigingine a daji da kibiya a ƙirji, kowa ya ce ga mai kibiyar nan, a kama shi. Cadfael ya shafa tufafin mamacin ya ji gaban a bushe, bayan a jiƙe. An yi ruwan sama da rana. Ke nan lokacin da ruwan ya sauka mutumin rub da ciki yake kwance, bayansa ne ya sha ruwa. Daga baya wani ya juya shi ya cusa kibiya ta gaba cikin raunin wuƙar da aka soke shi da ita ta baya, don a ɗora wa mai kibiyar laifi. A wani littafin an ce wakilin sarki ya mutu ne da raunin da ya samo a yaƙin Lincoln na 1141, sai tsoho ya tsinto silin zare masu launi da na zinariya a hancinsa da gemunsa, ya gane da wani ƙyalle mai tsada aka toshe masa numfashi. A wani kuma ya zuba narkakken kakin zuma a sawun takalmi ya ɗauki siffarsa, ya bi masu gyaran takalma da ita. Akwai gawar da aka tsamo daga kogin Severn da guntayen tsirrai iri uku maƙale a jikinta, kuma wuri guda ne kawai a bakin kogin ukun suke fitowa tare.

Ba agogo a aljihun kowa, saboda haka maganar "ina kake lokacin da abin ya faru" da ƙararrawar ibada ake auna ta: addu'ar tsakar dare, ta fitowar rana, ta yamma, ta kafin kwanciya. Bahaushen da ya saba cewa abu ya faru tsakanin la'asar da magariba ba sai an yi masa bayanin wannan ba. Wanda ba a gan shi a sahu ba lokacin addu'a, to akwai tambaya a kansa.

Sai dai alamu a jikin gawa su ne sashe mai sauƙi. Inda aikin yake da wuya, inda kuma nake ganin ba a cika samun wanda ya kamo ta ba, shi ne dalilin kisan. Akwai marubuta da dama da ke ɗauko rigimar gado ko ta kishi irin ta yau, su sa mata doguwar riga da takobi, su ce tarihi ne. In ka tuɓe kayan, labarin zai iya faruwa a kowane gari a kowace shekara. Nata ba sa tuɓuwa. Ɗauki Monk's Hood na 1980, wanda ya ci kyautar ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya (mai niyyar karantawa ya yi haƙuri, zan fasa ƙwai). Wani attajiri ya yi fushi da agolansa, ya ƙudura ba gidan ibada gandunsa, su kuma su ba shi gida da abinci har ya mutu. Irin wannan yarjejeniya ta zama ruwan dare a lokacin. Kafin a sa hannu sai aka kira shugaban gidan zuwa taron manyan coci a Landan, takarda ta tsaya. A wannan tsakanin aka aiko wa attajirin dafaffiyar makwarwa daga ɗakin girkin gidan, ya ci ya mutu. Gubar kuwa daga bukkar Cadfael ta fito: man shafawa ne da yake haɗawa daga saiwar wani tsiro mai dafi don tsofaffi masu ciwon gaɓɓai, a fata magani, a ciki ajali.

Kowa ya nuna agolan, tunda shi ne zai ci gado in takarda ba ta kammala ba. Ba wanda ya waiwayi wani ɗan da attajirin ya haifa ba ta hanyar aure ba, domin a dokar Ingila irin wannan ɗa ba ya gado, ba shi da abin da zai samu. Amma gandun yana cikin ƙasar Wales, kuma a dokar Wales, wadda ake dangantawa da Sarki Hywel Dda na ƙarni na 10, duk ɗan da uba ya amsa cewa nasa ne yana da rabonsa. Taku kaɗan daga wannan gefen iyaka zuwa wancan, wanda ba shi da dalili ya zama shi ne mai dalili mafi ƙarfi.

Lura da nauyin da ke kan marubuciya a nan. Tun 1929 wani limamin coci kuma marubuci, Ronald Knox, ya jera ƙa'idojin wannan wasa, kuma babbarsu ita ce kada a ɓoye wa mai karatu wata alama da mai bincike ya gani. Marubucin labarin zamani yana da sauƙi, shi da mai karatunsa duniya ɗaya suke ciki. Ita kuwa dole ta koya wa mai karatu dokar gadon wata ƙasa ta shekara 800 baya, ta kuma koya masa ba tare da ya farga cewa mabuɗin ne ake miƙa masa ba. In ta yi bayani da yawa ta tona kanta, in ta yi kaɗan ta cuce shi. Dabararta ita ce ta watsa abin cikin hirar yau da kullum: wani tsoho a ɗakin jinya yana tuna danginsa na can gida, wani ya ambaci inda gandun yake a kan hanyar wata maganar. Mai karatu yana ɗauka ado ne na zamanin da, ya wuce. Sai a ƙarshe ya koma baya ya tarar an faɗa masa komai tun da wuri.

Haka take yi da sauran dokokin zamanin. Wanda ake bi zai iya faɗawa coci ya kama mafaka, ba mai taɓa shi har kwana 40. Ta ɗauki wannan ta mai da shi wa'adi, wani ɗan wasa mai yawo yana ciki, mutanen gari suna jira a ƙofa, kwanaki suna ƙarewa. Wata bazawara ta ba gidan ibada gidanta bisa sharaɗin a kawo mata farin fure guda ɗaya daga lambun kowace shekara a rana ƙayyadajjiya. In aka saɓa, gida ya koma hannunta, ya kuma zama na duk wanda ya aure ta. Daga nan itacen furen kansa ya zama abin da za a yi kisa a kansa.

Ƙanƙantar garin ma kayan aiki ce. Kogin Severn ya naɗe Shrewsbury kusan ta ko'ina, gada biyu ce a kansa, ɗaya ta nufi Wales, ɗaya ta nufi cikin Ingila, gidan ibadar da Roger na Montgomery ya kafa a 1083 yana hayin ta biyun. Wanda ya fita da dare mai gadin gada ya gan shi. Baƙo ba ya ɓoyuwa, sai lokacin kasuwar shekara ta kwana uku da fatake ke cika unguwa, kuma ta ba wannan kasuwa littafi guda. Mutanen garin suna dawowa daga littafi zuwa littafi har mai karatu ya san su. Wanda na fi so shi ne Madog, mai kwalekwale, wanda sana'arsa tsamo waɗanda ruwa ya ci. Ka gaya masa inda mutum ya faɗa da yadda ruwa yake a ranar, zai gaya maka gaɓar da kogin zai ajiye shi. In gawa ta fito a inda bai kamata ba, to ba a inda aka ce ta shiga ba.

Wasan da ta fi yi wa tarihi da ƙarfin hali yana cikin littafin farko, A Morbid Taste for Bones. Gaskiya ne cewa mataimakin shugaban gidan, Robert Pennant, ya jagoranci tawaga zuwa ƙauyen Gwytherin a Wales, ya ɗauko ƙasusuwan wata waliyya mai suna Winifred ya kawo Shrewsbury, domin gidan da ke da waliyyi shi ke samun masu ziyara da sadakarsu. Shi da kansa ya rubuta tarihin waliyyar. A littafin Ellis Peters ma akwatin ya iso Shrewsbury, an tarbe shi da biki, an ɗora shi a wurin girmamawa, daidai yadda aka rubuta. Abin da Cadfael da mutanen ƙauyen kawai suka sani shi ne waliyya tana nan cikin ƙasarta inda aka mayar da ita da dare, wanda ke cikin akwatin da aka liƙe da darma kuwa gawar mai kisan ce. Da wuya malamin tarihi ya iya ƙaryata ta. Ta kuma ci gaba da cin ribar wannan sirri, har a littafi na 19 aka sace akwatin, tsoho ya shiga fargabar kada wani ya buɗe.

Ba a rasa abin faɗa a kanta. Kusan kowane littafi yana da saurayi da budurwa da ke son juna, kuma wanda ya karanta uku ko huɗu ya riga ya san saurayin da ake zargi ba shi ne ba, abin da ke rage yawan waɗanda za a tuhuma tun kafin a yi nisa. Ƙarninta na 12 ya fi na gaske tsabta da ƙamshi. Cadfael kansa wani lokaci yakan yi tunani irin na mutumin ƙarni na 20, mai sassauci ga kowa, mai girmama likitocin Musulmi da ya yaƙi mutanensu, mai shakkar camfin da 'yan'uwansa suka yarda da shi. Na yarda da zargin farko. Na ƙarshen kuwa ina ganin ta biya kuɗinsa tun da ta ba shi shekara 40 na yawon duniya. Mutumin da ya ga haka ba zai yi tunani irin na wanda bai taɓa fita daga shingen gidan ibada ba. Kuma ba ta cire masa imaninsa don ta faranta wa mai karatun zamani ba. Yana addu'a da gaske, yana jin tsoron zunubi. Shi ya sa hukuncinsa ke da nauyi idan ya saɓa da na hukuma. A labarin gubar nan, da mai laifin ya tsare shi da wuƙa ya kasa soka masa, Cadfael bai miƙa shi ga igiya ba. Ya ɗora masa tuba na tsawon rai, ya sa ya aiko da iƙirarin laifinsa a rubuce don a wanke agolan, ya bar shi ya shige cikin Wales. Masu karatu har yau ba su daidaita a kan ko ya kyauta ba.

Gidan talabijin na ITV ya mai da 13 daga cikin labaran fim tsakanin 1994 da 1998, Derek Jacobi ya fito a matsayin Cadfael, aka ɗauka a ƙasar Hungari. A 1999 ƙungiyar marubuta labaran laifi ta Birtaniya ta ƙirƙiro kyauta ta musamman don labarin bincike na tarihi, ta sa mata sunan Ellis Peters. Marubuciyar kuwa ta bi yaƙin Stephen da Maud ne a hankali, wani lokaci littafi biyu ko uku a cikin shekara guda ta labarin, daga 1137 har zuwa ƙarshen 1145, inda a littafi na 20, na 1994, tsohon ya karya alkawarin biyayya ya bar gidan ba da cikakken izini ba don ya nemo ɗansa da aka kama a yaƙi. Ta rasu a watan Oktoba na shekarar da ta biyo. Yaƙin bai ƙare ba sai 1153, da aka yi sulhu cewa ɗan Maud, Henry na biyu, shi zai gaji Stephen.